Hukuncin Kotun Duniya: Bakassi da Nikaragwa

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan maganar da ake yawan yi cewa dokar ƙasa da ƙasa tana hawa kan kowa. Ni dai ban gamsu ba.

A ranar 10 ga Oktoba, 2002, Kotun Duniya da ke birnin Hague ta yanke hukuncin cewa yankin Bakassi na Kamaru ne, tana dogaro da yarjejeniyar da Turawan Ingila da na Jamus suka ƙulla a 1913, ba tare da sun tambayi masu kamun kifin da ke zaune a wurin ba. Najeriya ta yi gunaguni, amma ta bi. Obasanjo da takwaransa na Kamaru Paul Biya suka sa hannu kan yarjejeniyar Greentree a 2006, aka kammala miƙa yankin a watan Agustan 2008, zamanin marigayi Umaru 'Yar'aduwa.

A 1986 kuwa, kotun nan ta ce Amurka ta karya doka da ta tallafa wa 'yan tawayen Contra masu yaƙar gwamnatin ƙasar Nikaragwa, ta kuma dasa nakiyoyi a tashoshin jiragen ruwan Nikaragwa. Amurka ta yi kunnen uwar shegu. Sashe na 94 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce wanda aka ƙi bi masa hukunci ya kai ƙara Kwamitin Sulhu. Nikaragwa ta kai, Amurka ta hau kujerar na-ƙi, maganar ta mutu a nan.

Ban ce Najeriya ta yi kuskure ba. Gara hakan da yaƙi da maƙwabci. Amma ina son masananmu na shari'a su bayyana mana a wannan shafi wanda zai tilasta wa mai kujerar na-ƙi bin hukunci.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya