Wasiƙa ga Ummi: ajiye kwamfutar tukuna, duba tayoyin

Kubwa, Abuja.

Assalamu alaikum, Ummi.

Ina fata kina lafiya, ya karatu, ya sanyin Jos. Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki. Na kalli bidiyon ɗan mutum-mutumin da kika haɗa, na kuma ji ƙorafinki: ba ya tafiya a miƙe, kuma da ya yunƙura zai tashi sai allon Arduino, ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa shi, ya ɗauke ya sake kunnuwa. Kin ce kin yi ta sauya umarnin da kika rubuta masa amma ba ta canza zani ba. Ba za ta canza ba, 'yata, domin ciwon yana jikin abin ne: wutar da kike ba shi, inda kika ɗora nauyi, da yadda kika ɗaure tayoyin.

Mu fara da wuta. Batirin nan mai kusurwa huɗu na 9V da na gani, ki cire shi. An yi shi ne don abubuwa masu shan wuta kaɗan. Injin tayar da kike amfani da shi, ɗan rawayan nan da ake kira TT, idan zai tashi daga tsaye ko ya tokare da bango yana iya jan amfiya ɗaya ko fiye, kuma guda biyu gare ki. Batirin ya gaza, wuta ta faɗi, allon ya ɗauke. Ki nemi batir 18650 guda biyu, irin wanda ke cikin batirin kwamfutar tafi-da-gidanka, ki jera su a mazubinsu ɗaya bayan ɗaya. Kowanne 3.7V ne, idan ya cika 4.2V, biyun su ba ki 8.4V a cike. L298N, allon da ke tsakanin Arduino da injinan yana raba musu wuta, yana cinye kusan 2V a cikinsa, ya mai da ita zafi, abin da zai isa ga taya kuwa kamar 6V ne, daidai abin da injin yake so. Wannan ne ma dalilin da batirin AA huɗu ba sa kataɓus: 6V ɗinsu 4V yake komawa kafin ya kai ga taya.

Idan tsofaffi kika saya wajen masu gyaran kwamfuta a kasuwar Terminus, ki tafi da mitar awon wuta ki auna kowanne a gabansu. Wanda ya nuna ƙasa da 2.5V, ko ya kumbura, ko ledar jikinsa ta yage, ki bar musu. Kada ki ɗora ƙarfen narka dalma a kan batirin, kada ki bar shi ya sauka ƙasa da 3V, kuma ɗan allon caji TP4056 batir ɗaya yake cajawa, ba biyu a jere ba. Ba na so ki kwanta barci ki bar shi a jone a ɗakin kwana. Wannan ba shawara ba ce, umarni ne.

Abu biyu za ki ƙara. Ƙaramar kafasita mai lamba 104 a jikinta, ki liƙa ɗaya da dalma tsakanin ƙafafun kowane inji, domin tartsatsin da ke cikin injin yana rikita allon. Sai babba mai 470µF zuwa 1000µF a inda wutar batir ke shiga L298N, ki kula da ɓangaren da aka ja wa layi, shi ne na negatif. Kuma GND, wato negatif, na Arduino da na L298N dole waya ɗaya ta haɗa su. In ba haka ba, umarnin zai fita amma injin ya riƙa yin abin da ya ga dama.

Yanzu jikin. Kwali yana lanƙwasa, da ya lanƙwasa kuma tayoyin sun buɗe ƙafa. Ki je Kasuwar Katako ki roƙi guntun filawud mai kaurin milimita 3 ko 4, faɗin santimita 12, tsawon 18 ya isa. Kafin ki huda komai, ki ja layi ɗaya da rula daga gefe zuwa gefe, sandunan tayoyin biyu su zauna a kan wannan layin. Ki ɗaure kowane inji da sukuru M3 guda biyu da noti. Gam ɗin kyandir da kika sa yana saki idan injin ya ɗau zafi, kuma saɓanin milimita ɗaya a wurin ɗauri ya isa ya karkatar da abin tun bai yi nisa ba.

Nauyi kuwa, ki tuna da kurar mai ruwa: idan aka tara jarkoki can nesa da taya, mai turawa ne ke ɗaukar wahalar. Batir shi ne mafi nauyi a jikin naki, don haka ki sa shi ƙasa-ƙasa, kusa da layin tayoyin nan biyu, ya ɗan karkata kaɗan zuwa wajen ƙaramar tayar da ke juyawa ko'ina. Idan nauyin ya koma kan ƙaramar, manyan za su yi ta sulɓi a kan tayil. Idan ya tsallaka ɗaya ɓangaren, abin zai riƙa ɗaga kai duk lokacin da ya tashi ko ya tsaya. A wannan hazon na hunturu kuma ƙura tana hawa robar taya ta rage mata kamun ƙasa, sai ki goge da ɗanyen tsumma kafin kowane gwaji. Ki kuma taɓa ƙarfen taga kafin ki ɗauki allon, saboda wutar da jiki ke tarawa a busasshiyar iska tana iya lalata shi.

Ga wani lissafi da nake so ya zauna miki. Tayarki faɗinta milimita 65 ne, kewayenta kenan santimita 20.4. Giyar da ke cikin injin 1 ga 48 ce, wato sai ɗan injin ciki ya juya sau 48 kafin taya ta juya sau ɗaya, kuma a 6V ba tare da kaya ba tayar na yin kusan juyi 200 a minti. Wannan ya kai santimita 68 a daƙiƙa. Ya yi wa ɗakinki gudu, kafin HC-SR04, sensar da ke auna nisa, ta ga ƙafar gado ya riga ya buga. A cikin umarninki, inda 255 ne cikakken gudu, ki rage saurin zuwa wajen 130. Idan kika rage da yawa za ki ji injin yana kuka taya ba ta motsi. Maganinsa ki ba shi cikakkiyar wuta na kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, sannan ki sauko da shi.

Sai bayan duk wannan za ki koma kan karkatar. Ba a taɓa samun injin TT biyu masu gudu iri ɗaya cif. Ki ja layin alli na mita 2 a kan siminti, ki sake shi a kai. Idan ya yi hagu, tayar dama ce ta fi gudu, ki rage mata 5 ki sake gwadawa har ya miƙe. Amma wannan gyaran wucin gadi ne, yana gocewa idan batir ya yi sanyi. Gyara na dindindin shi ne faifan nan mai tsaga 20 da ake sa wa sandan injin, tare da sensa mai ƙirga tsagogin. Tsaga ɗaya kusan santimita ɗaya ce a ƙasa. Ki haɗa sensa biyun a ƙafa ta 2 da ta 3, wato ramukan jona waya, na Arduino Uno ɗinki, umarninki ya riƙa kwatanta ƙirgar hagu da ta dama yana rage wa mai gaba.

Kin ambaci ƙara masa hannu da SG90, ɗan injin da ke juyawa ya tsaya a kusurwar da aka umarce shi. Ƙarfin murɗawarsa kilo 1.8 ne a nisan santimita ɗaya. Idan hannun ya kai santimita 10, giram 180 kawai zai iya riƙewa, har da nauyin hannun kansa, kuma a nan ya ƙure. Ki yi aiki da sulusin hakan, giram 60, domin haƙoran giyarsa roba ne, suna karyewa. In kina son abin da ya fi haka, MG90S mai haƙoran ƙarfe. Ki umarce shi ya tsaya a digiri 90 kafin ki ɗaura hannun, ki kuma ba shi 5V daga LM2596, ɗan allon da ke rage ƙarfin wutar batir, kada ya sha daga Arduino. Ki lura da wannan sosai: da zarar kin kira manhajar Servo, mai sarrafa SG90, a kan Uno, ƙafa ta 9 da ta 10 sun daina rage sauri. Saurin tayoyinki ki mai da shi kan 5 da 6.

Maganar mai ƙafafu irin na Theo Jansen, ɗan ƙasar Holan da tun 1990 yake ƙera halittun da iska ke tafiyar da su, ki bari sai mai tayar ya miƙe. Dabararsa tana cikin tsawon sandunan, kuma sakin da ke kowace gaɓa taruwa yake yi a tafin ƙafa. Idan lokacin ya zo, ki haɗa sanduna masu tsawo ɗaya ki huda su tare, ramin ya zama milimita 3.2 don sukuru M3, ki sa washa tsakani, ki ɗaure da noti mai roba a ciki wanda ba ya kwancewa.

Zan sayo faifan da sensa biyun da LM2596 a kasuwar Banex, in ba direba ya kawo miki. Kafin su iso, ki auna min wutar da ke kan ƙafafun kowane inji yana cikin juyi, da nauyin abin gaba ɗaya, da santimita nawa yake kaucewa a layin mita 2, ki turo min. Ki gaishe min da Gwaggonki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.