Maigidana ya ƙi karɓar ƙodata, a ba ni shawara

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki, Allah ya saka da alheri. Dan Allah a sakaya sunana.

Maigidana ne ke fama da ciwon ƙoda, duka biyun sun daina aiki, yanzu wankin ƙoda ake mishi sau 3 a sati, kowane zama kusan awa 4 yana jone da inji, in ya dawo gida ko magana ba ya iya yi sai bacci. Ruwan sha ma aunawa ake yi, wani lokaci ina kallonshi yana jiƙa leɓe kawai ya ajiye kofin. Likita ya ce dashe ne mafita.

Ni na ce a gwada ni, kuma cikin ikon Allah jininmu ya dace, ba ni da hawan jini ba ni da suga. Likitocin ba su ɓoye min komai ba, sun ce mutum na rayuwa da ƙoda ɗaya lafiya lau amma aiki ne babba, dole in riƙa zuwa ana duba ni, in kuma ina son ƙara haihuwa sai na ɗan jira jikina ya dawo, shi kuma zai ta shan maganin da zai hana jikinshi ƙin ƙodar har ƙarshen rayuwa. Duk na ji na amince.

Amma Anti ranar da na faɗa mishi juya fuska ya yi bango ya ce ko alama, wai in wani abu ya same ni wa zai riƙe yaran, gara ya ci gaba da wankin har inda Allah ya tsaida.

Abin da ke min ciwo shi ne mutumin nan duk zamanmu bayarwa yake yi. Lokacin da nake karatu babur ɗinshi ya saida ya biya min, ya koma tafiyar ƙasa, ban ma sani ba sai daga baya a bakin ƙaninshi. Da Baba ya kwanta asibiti shi ya dinga kwana a baranda, yayyena maza na gida suna bacci. Bai taɓa goranta min ba wallahi. Sai dai shi bai iya karɓa ba, ko riga na saya mishi sai ya tambayi kuɗinta ya maida min. Da can abin dariya yake ba ni, yanzu kam ba na dariya.

Ga kuma Mama, ta ce namiji ba ɗan goyo ba ne, gobe ya warke ya juya min baya in rasa ƙoda in rasa miji. Na san tsoro ne irin na uwa, amma ni ba bashi zan ba shi ba balle in jira biya, ko zai canza gobe ina so yau ya rayu.

To Anti ya zan yi? Asibiti sun ce ba za a yi aikin ba sai da yardar kowa, ba tilas. In na matsa mishi ban shiga haƙƙinshi ba, tunda shi ma ƙin karɓar nan sadaukarwa ce a ganinshi? Ko in samo wani babba da yake jin maganarshi? Mama fa, in wuce ba da yardarta ba ko in jira? Masu sauraro da suka taɓa shiga irin wannan dan Allah su ma su ce wani abu.

Na gode, 'yar'uwarki.