Na yi biyayya, amma zuciyata ba ta kwanta ba

Baba Fasto,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ina yawan sauraron shirinka a rediyo, shi ya sa na ga gara in kawo maka abin da yake cin raina, tunda ba ka san fuskata ba balle in ji kunya.

Ni akawu ne a wani kamfani, magidanci mai 'ya'ya. Kwanakin baya shugabana ya ce in gyara lissafi kafin masu binciken kuɗi su zo, wato in rubuta kayan da ba a saya ba kamar an saya. Na ce ba zan iya ba. Bai kore ni ba, amma ya ɗauke mini aikina ya ba wani, aka tsallake ni a ƙarin girma, abokan aiki ma suka fara ja da baya.

'Yan'uwa a ikilisiya da suka ji sun yaba mini. Wannan ya karanta mini Ayyukan Manzanni 5:29, cewa wajibi ne a yi wa Allah biyayya fiye da mutane, wancan ya ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ina amsa musu da amin, amma Baba, ba su san abin da ke ciki ba. A ranar da na ƙi, tsoro ne ya fi yawa a zuciyata, tsoron hukuncin Allah da tsoron kada asiri ya tonu. Ban ji wata natsuwa cewa Allah zai kula da ni ba, har yau kuma ban ji ta ba.

Kai da kanka ka taɓa cewa biyayya ita ce shaidar dogara ga Allah. Na koma Littafi Mai Tsarki na ga haka ne. Ibrahim yana da shekara 75 ya bar Haran bai san inda za shi ba, sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku. Da aka ce ya kai yaron ƙasar Moriya ya miƙa shi hadaya, da sassafe ya tashi, Ibraniyawa 11:19 kuwa ta nuna ya sakankance Allah na iya tā da matacce. Biyayyarsa daga dogara ta fito. Tawa fa daga ina?

Akwai abin da yake damuna da yadda ake wa'azi a kan wannan. Kullum sai a kawo Bitrus a Luka 5, wanda ya kwana yana wahala bai kama komai ba, ya saki taru bisa maganar Yesu, kifi ya cika har taru ya fara tsinkewa. Nan ake rufe wa'azi, kowa ya tafa. To, wanda ya saki taru ya jawo shi wayam, ina nasa wa'azin? Na san Shadrak, Meshak da Abednego sun gaya wa Nebukadnezzar cewa ko Allah bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Na gwada faɗin wannan a addu'a, bakina ya ƙi.

Wanda na fi kama da shi, a ganina, shi ne babban ɗan nan na Luka 15, da ya yi shekaru bai taɓa ƙetare umarnin mahaifinsa ba, amma ya tsaya a waje yana fushi. Ni ma in na ga wanda ya karɓi aikina yana ci gaba, sai in ji kamar ina bin Allah bashi. Wannan ya fi rashin ƙarin girman tsorata ni.

Matata ba ta taɓa cewa in yi ƙarya ba, sai dai in maganar makarantar yara ta taso takan yi shiru, shirun kuma ina jinsa. Shugaban nawa ya fara nuna mini cewa ƙofa a buɗe take in na sauko, ga ƙarshen shekara na matsowa.

Don Allah, Baba, biyayyar da aka yi da tsoro da gunaguni, Allah na karɓarta? Dogara ce take haifar da biyayya, ko mutum na iya fara biyayya dogarar ta biyo baya? Sannan in ci gaba da zama a wurin ina ƙi, in kai ƙara sama, ko in ajiye aikin alhali ba ni da wani a hannu? In na ajiye, yaya zan gane bangaskiya ce ba gudu ba?

Ka sa ni da iyalina a addu'a.

Ɗanka cikin Ubangiji,
Wani mai sauraro