Sanarwa kan labarin da za mu rubuta tare

Assalamu alaikum ƴan uwa, da fatan an wuni lafiya.

Kamar yadda muka yi shawara, labarinmu na haɗin gwiwa zai kasance na bincike da zullumi. Wani matashi Musulmi daga Tudun Wada ta Kaduna ya wayi gari abokinsa Kirista ya ɓace, babu shi babu labarinsa. Dole ya tsallake kogi ya shiga Sabon Tasha da Narayi neman sa, inda sunansa kaɗai ke sa a ɗaga ido a kalle shi.

Mun zaɓi Kaduna ne saboda bayan rikicin Fabrairun 2000 garin ya rabu gida biyu, yawancin Musulmi suka tattara a arewacin kogi, Kiristoci a kudu. Kuma a nan ne Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda da abokan gaba ne, suka kafa cibiyar sasanci a 1995. Faston ma hannunsa ya rasa a rikicin 1992. Don haka kada wani ya ce mana irin wannan abota tatsuniya ce.

Roƙo ɗaya: ban da wa'azi a bakin jarumi. Mai karatu na son ya san ina abokin nan yake, wa ke ɓoye gaskiya. Haka kuma kada a jibge mugunta a ɓangare guda.

Kowa zai ɗauki babi ɗaya. Mai so ya ajiye sunansa kafin Juma'a. Masu turo saƙon murya mai tsawon huɗuba, don Allah a rubuta.