A Kula Da Kafar RSS Ta Jaridu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina jan hankalin masu shafukan labarai kan RSS. Fayil ne na XML, wato tsarin rubutu da manhajoji ke iya karantawa, wanda shafi ke sabuntawa da kansa, ɗauke da kanun kowane labari, adireshinsa, lokacin wallafa da lambar shaida da ake kira guid. Mai karatu zai kwafi adireshin fayil ɗin ya liƙa a manhaja irin Feedly ko Inoreader, ita kuma ta riƙa leƙawa lokaci-lokaci tana kwaso sabo. A shafin da aka gina da manhajar WordPress, ƙara /feed a ƙarshen adireshi ya wadatar.

Inda gizo ke saƙar shi ne guid. Da ita manhaja ke gane abin da ta riga ta ɗauka, saboda haka idan aka sauya ta yayin gyaran shafi, tsofaffin labarai sai su dawo kamar sabbi. Sannan WordPress labarai 10 kacal yake sawa a fayil ɗin idan ba a ƙara ba. Jaridar da ke sakin 40 a yini, wasu labaran na iya wucewa kafin manhaja ta sake leƙowa. A mayar da adadin 50.

Masu karatu kuma su adana jerin kafofinsu a fayil ɗin OPML, wanda da shi ake kwashe jerin zuwa wata manhaja idan aka rufe wadda ake amfani da ita, domin Google Reader ma, manhajar karanta RSS ta Google, an rufe ta a 2013.

Naku,
Wani mai karatu