Godiya ga Ofishin Kula da Muhalli na Jami'armu

Zuwa ga Shugabar ofishin da ma'aikatanta,

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, na ga ya dace in yi wannan godiya a gaban jama'a, tunda a gaban jama'a na yi ƙorafi. Ranar da takardarku ta iso sashenmu kuna gayyatar malamai taron bita na kwana biyu kan shigar da ilimin muhalli cikin darussa, ni ne na fara ɗaga murya a ɗakin malamai, na ce ina ruwan mai koyar da ƙididdiga da dashen itatuwa. Manhajar da ke hannunmu ma ba ma gama ta kafin jarrabawa, ga shi za a ƙara mana kaya. Na je taron ne kawai don kada a ce sashenmu bai tura kowa ba.

Na shiga da shirin jin wa'azi, sai na tarar abu ɗaya kuka nema, kowa ya zo da jadawalin kwas ɗinsa. Babu wanda ya ce a ƙirƙiro sabon kwas ko a cire wani darasi. Wata ma'aikaciyarku ta jawo kujera kusa da ni, ta ɗora yatsa a kan makon da nake koyar da alƙaluman da ke sauyawa da lokaci, ta ce, "Malam, da wane misali kake koyar da wannan?" Kunya ta kama ni, domin shekara da shekaru cinikin wani kamfani na ƙage nake ba ɗalibai, lambobin ma ni na shirya su da kaina.

Ta buɗe kwamfuta ta nuna mini awon iskar kabon, wadda ke ɗumama duniya, da ake yi a kan dutsen Mauna Loa na jihar Hawai ta Amurka, wanda Charles David Keeling ya soma a 1958. A lokacin awon yana wajen kashi 315 cikin miliyan na iskar sararin sama, yanzu ya haura 420. Amma abin da ya ja hankalina shi ne siffar layin. Yana hawa, sai dai ba a miƙe ba, kamar haƙoran zarto yake: kowace shekara ya kai ƙololuwa wajen watan Mayu, ya sauko zuwa Satumba ko Oktoba, sannan ya sake tashi ya wuce inda ya tsaya bara. Ai wannan shi ne ainihin abin da nake shan wahalar fahimtar da ɗalibai, yadda ake raba hawan dindindin da kai-komon shekara.

Na kai shi aji ban yi bayani ba, na ce su gaya mini dalilin haƙoran. Aka yi ta harbi a duhu. Can wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta ce mafi yawan ƙasa da dazuzzuka suna arewacin duniya, in ganye ya fito a can sai tsirrai su zuƙe iskar, in ya zube ya ruɓe ta dawo. Daga nan ajin ya ƙwace daga hannuna. Sai da malamin da ke bayana ya ƙwanƙwasa ƙofa sau biyu.

Ba ni kaɗai ba ne. Abokina na sashen injiniyan gine-gine yanzu yana tsayawa a darasin siminti ya nuna cewa idan aka gasa dutsen farar ƙasa, dutsen da kansa yana sakin iskar kabon, ban da ta man da aka ƙona, kuma siminti ke da kusan kashi 8 cikin 100 na wannan iska da ɗan'adam ke fitarwa. Malamar akanta ma ta samu nata.

Daga baya na gane maganar tsohuwa ce. An yi taron ƙasa da ƙasa a birnin Tbilisi na Jojiya kan ilimin muhalli tun 1977, shugabannin jami'o'i sun sa hannu a Sanarwar Talloires, wato alkawarin kula da muhalli a jami'o'insu, a Faransa a 1990, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sa wannan ilimi cikin muradun ci gaba mai ɗorewa 17 a 2015. Sa hannu a takarda ba ya wahala. Zama da malami mai taurin kai irina har a gano inda muhalli ya riga ya ɓuya a cikin darasinsa, wannan ne aikin, kuma ku kuka yi shi. Ba ku bar mu da takardar shaidar halarta ba, kun biyo mu a tsakiyar zango kuna tambayar inda muka maƙale.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa ofishin albarka. Tunda kuwa kun saba mini, ga roƙo: zango mai zuwa ina son alƙaluman mitar wuta da ta ruwa na ɗakunan kwanan ɗalibai, wata-wata, ko na shekara uku ne. So nake su yi lissafin nasu da hannunsu.

Naku da girmamawa,
Malamin ƙididdiga, Tsangayar Kimiyya