Godiya ga Masu Aikin Pabe da Suka Gyara Mana Harabar Masallaci

Assalamu alaikum. Zuwa ga shugaban kamfanin da ya yi mana aikin pabe (duwatsun da ake jerawa a ƙasa a matsayin daɓe), da yaransa baki ɗaya.

Ranka ya daɗe, kwamitin masallacin unguwarmu ne ya ce a rubuto wannan godiya a fili, don mutanen Maradi su ji.

Duk mazaunin garin nan ya san abin da ruwan watan Agusta ke yi wa ƙasarmu mai rairayi. Pabe ɗin harabarmu bai fashe ba, tsakankaninsa ne ya rarake. Damina ta kwashe rairayin da aka cika a ciki, tururuwa ta fito da sauran, haki ya tsiro. Tsoho ya taka dutse ya ji yana rawa. Wasu daga cikinmu sun nemi a liƙe da siminti kowa ya huta, ku kuka hana. Kun ce pabe yana motsi kaɗan da zafi da sanyi da nauyin mutane, siminti kuwa ba ya lanƙwasa, tsagewa zai yi. Kuka kawo shawarar rairayi mai polima, wanda aka gauraya da sinadarin da ke ɗaure shi idan ya sha ruwa, ya kama amma bai sandare kamar dutse ba.

Haƙurinku ya fi komai burge mu. Da kuka share tsohon rairayin kuka tuge saiwar haki, kun ƙi zuba sabon sai da harabar ta bushe ƙayau. Jama'a sun yi ta gunaguni, domin alwala sai an zagaya ta baya. Babban yaronku ya yi mana bayani cewa da wannan rairayi ya taɓa danshi sai ya fara kamawa tun a saman dutse, ya bar farin tabo mai wuyar fita.

Sannan aka zo kan daɓe. An share rairayin cikin tsakankani da tsintsiya, aka bi da injin daɓe mai girgiza, an sa masa shimfiɗar roba a ƙasa don kada ya ƙwarzane fuskar pabe. Wani dattijo cikinmu ya ce aikin da iyayenmu mata ke yi wa ɗaki da madaɓi ne, an dai mayar da shi na inji. Da injin ya wuce, sai ga rairayin da muke gani cike ya nutse. Ashe ƙarƙashinsa duk rami ne. Kuka ƙara, kuka sake daɓewa har ya daina sauka, kuka bar shi kimanin milimita 3 ƙasa da fuskar dutsen. Ƙurar da ta rage a sama kuwa, da injin hura iska kuka kore ta kafin ɗigon ruwa ya taɓa wurin.

Ruwan ma ba kwarara shi kuka yi ba. Yayyafi ne a hankali da bakin tiyo, yanki-yanki, yadda zai jiƙa har ƙasan tsakankanin ba tare da ya wanke sinadarin ba. Kun duba sama tukuna, tunda ana so a samu aƙalla awa 24 babu ruwan sama. Kuka ɗaure igiya, kuka roƙi liman ya sanar bayan la'asar kada kowa ya shigo da babur.

Kuɗin wannan rairayi ya fi na wanda ake ɗebowa daga gulbi nesa ba kusa ba, kuma tun farko kun faɗa mana haka, ba ku yi mana rufa-rufa ba. Buhunan da suka rage ma kun mayar mana da lissafinsu.

Damina ta zo ta wuce, ladan yana shara da tsintsiya rairayi ba ya biyo ta. Ɓangaren mata ya rage, da zarar an kammala karo-karo za mu aiko muku.

Allah ya saka da alheri, ya sa wa kasuwa albarka, ya kiyaye yaranku a wurin aiki.

Naku,
Sakataren kwamitin masallacin unguwa, Maradi